Wata bakwai ban ga al'ada ba kuma ba ciki ba ne: yawon asibitin da na sha a Legas

Shekaranjiya da daddare ƙanwar wata ƙawata ta kira ni tana magana ƙasa-ƙasa kamar wadda ta yi sata, wai watanta huɗu rabonta da al'ada kuma ta rasa wanda za ta faɗa wa a gidansu. Ina jin muryarta na tuna kaina, shi ya sa nace bari kawai in zauna in rubuta yadda tawa ta kasance tun daga farko har aka gano PCOS ce, wata matsala ta ma'ajiyar ƙwan mace da ke rikita al'ada, ko wata za ta huta da yawon da na yi.

Ni a Agege aka haife ni, Babanmu harkar albasa yake a Mile 12. Tun da na fara al'ada ina shekara 13 ba ta taɓa zuwa min daidai ba, yau ta yi kwana 40, gobe ta yi wata biyu, wani lokacin ma sai na manta da ita sannan ta ɓullo. Kuma gaskiya a lokacin daɗi nake ji, akwai shekarar da ban sha azumi ko ɗaya ba, yayyena suna ta ramuwa bayan salla ni ina musu dariya. Ba wanda ya taɓa ce min wannan abin dubawa ne, ana cewa kowace mace da irin jikinta. Sai da na kai shekara 23 abin ya canza salo. Wata uku shiru, huɗu, biyar. Ga ƙiba ta taso min musamman a ciki alhali ba wani ci na ƙara ba, ga kuraje manya-manya masu zafi a haɓa da gefen muƙamuƙi, ga wasu gashi baƙaƙe masu kauri guda biyar-shida da nake tsigewa a gemuna duk Juma'a a banɗaki na kulle ƙofa. Bayan wuyana kuma ya yi baƙi ƙirin, Umma ta ɗauka dauɗa ce, har ta taɓa zaunar da ni ta dirje min shi da soso da sabulun salo sai da wurin ya yi ja, baƙin yana nan.

Abin da ya fi damuna ba ciwon ba ne, kalmar ce. Kun san a wajenmu in aka ce yarinya ta yi ɓatan wata ma'ana ɗaya ce, kuma ni ga shi an kawo kuɗin gaisuwata, ana maganar sa rana. Na san ban yi komai ba, amma wa zai tsaya ya saurare ni? Har ƙaryar fashin salla na dinga yi, in ce wa Umma ba ni da tsarki, sai in shige ɗaki in tura ƙofa in yi sallata a ɓoye ina sauraron takun ƙafa. Audugar da ake saya min kuwa ƙanwata nake ba wa. Allah Ya yafe min, amma haka na yi wata biyu.

Wajen farko da naje kemis ne, kuma ban je na unguwarmu ba, sai da na hau keke na yi nisa inda ba a san fuskata ba. Na faɗa wa mai shagon, bai tambaye ni komai ba yace infekshan ne, ya haɗa min ƙwayoyi kala huɗu a leda babu ko suna a jiki, na biya wajen naira dubu bakwai. Na shanye tas, banda zawo ba abin da na samu. Daga nan wata maƙociyarmu ta haɗa ni da mai maganin mata, ita kuma tace sanyi ne ya daskarar min da jini a mara, ta ba ni garin magani da wani tsumi a jarka, tace in dinga dafa hulba da kanumfari da citta ina sha safe da yamma. Dubu goma sha biyu suka tafi a nan. Ni ba na zagin hulba, har yau ina shanta a shayi, amma duk wanda ya ba ki magani bai san mene ne ke damunki ba, lalube yake a duhu da kuɗinki. A ƙasar nan duk abin da ya samu mace daga cibiya zuwa ƙasa sunansa sanyi.

Asirina ya tonu ne ranar da Umma ta buɗe ƙofa ta same ni a sujada ranar da nace ina fashi. Ba ta ce komai ba sai da na sallame, sannan ta zauna bakin gado tace, ke faɗa min gaskiya tsakaninki da Allah. Na fashe da kuka nace Umma wallahi ba abin da kike tunani ba ne, wata bakwai ke nan ban gani ba. Ta daɗe tana kallona, sannan tace gobe da sassafe ki shirya. Ban sani ba ko ta yarda da ni a daren, ban kuma taɓa tambayarta ba.

Washegari muka je ƙaramin asibitin gwamnati na kusa da mu. Abu na farko da suka yi gwajin ciki ne na fitsari, kuma ina so duk budurwar da za ta je ta san da wannan tun daga gida don kada ranta ya ɓaci kamar yadda nawa ya ɓaci. Ba zarginki suke ba, ƙa'ida ce, duk macen da al'adarta ta ɗauke sai an fara kawar da maganar ciki kafin a duba wani abu. Minti biyar sakamako ya fito babu komai, na ji Umma ta sauke wata ajiyar zuciya da har nas ɗin sai da ta ɗago. Suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, suka rubuta mana takardar turawa zuwa babban asibiti. Ki riƙe takardar nan da kyau, da ita aka karɓe mu ba dogon bayani.

Babban asibiti kuwa ranar farko mun yi kuskure, mun bar gida ƙarfe takwas, gosulon hanyar Ikeja ya riƙe mu, muka isa an gama raba lamba. Muka koma gida haka nan. Kashegari ana idar da asuba muka fito, shida da rabi muna layi, duk da haka ni ce ta talatin da wani abu. Sai an fara biyan kuɗin kati a wani wuri, a kai rasit wani wurin a buɗe fayil, sannan a koma wajen nas ta auna hawan jini da nauyi da tsayi, sannan a zauna jiran likita. Kuɗin kati da ganin likita bai fi dubu uku ba a lokacin, ƙarshen 2023 ke nan bayan an cire tallafin mai komai ya tashi, yanzu ki tafi da fiye da haka. Sai wajen ƙarfe ɗaya na shiga, kuma ashe wannan ba likitan mata ba ne, likita ne na kowa da kowa, shi zai tura ki. Bai yi minti goma da ni ba ya rubuta a kai ni sashen mata, can kuma suka duba littafi suka ba ni rana sati uku gaba. Na fito kamar in yi kuka, yini guda a kan benci don a ba ni wata ranar.

Ranar likitan mata ce ranar da na fara jin kamar wani ya san abin da nake faɗa. Mace ce, Bayarabiya, ba ta jin Hausa amma Umma tana jin Yarbanci sosai don haka ba mu sha wahala ba. Bayan gaisuwa ta roƙi Umma ta ɗan jira a waje, Umma ta fita ba don ta so ba. Sai tambayoyi: yaushe na fara al'ada, sau nawa na gani a shekarar da ta wuce, yaushe ne na ƙarshe, nono yana fitar da ruwa, gashin kaina yana zuba, ina yawan ciwon kai, akwai mai ciwon suga a danginmu (akwai, Gwaggona da kakata ta wajen uba), na taɓa kusantar namiji. Rabin tambayoyin kame-kame na yi saboda ban taɓa rubuta ranakun al'adata ba. Ta sa na cire hijabi ta duba wuyana da haɓata, ta taɓa baƙin nan tace wannan ba dauɗa ba ce, alama ce jiki ba ya jin insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, yadda ya kamata. Da Umma ta dawo na maimaita mata wannan maganar da ƙarfi, muka kalli juna, ita ma sai da ta yi murmushi.

Ta rubuta min sikanin da awon jini. Na jinin akwai na maƙoshi wanda suke ce wa tayirod, da na sinadarin nono wato furolaktin, da na sinadarin maza, da na suga. Tace biyun farko ana yin su ne saboda su ma suna ɗauke al'ada, kada a ɗora wa mutum cutar da ba ita ba. A nan aljihu ya ji jiki, don wasu ba a yi a cikin asibitin a lokacin sai muka fita ɗakin gwaji na kuɗi, gaba ɗaya da sikanin sun tasam ma dubu sittin. Yayana ne ya cika mana. Na suga shi ya fi ban haushi, ba ci ba sha sai ruwa tun dare, da safe a ɗebi jini, a ba ki ruwan suga mai giram 75 ki shanye, zaƙi har yana tayar da zuciya, ki zauna awa biyu cur ba yawo sannan a sake ɗiba. Sikanin kuma iri biyu ne, akwai wanda ake yi ta ƙasa wanda ya fi nuna komai, amma budurwa ta kan ciki ake mata, ki faɗa tun a wajen biyan kuɗi kada ki ji kunya. Sharaɗinsa mara ta cika da fitsari. Ledar fiya-wata guda huɗu na shanye na zauna a layi ina matse ƙafa ina karkaɗa gwiwa, mata shida a gabana, wata mai tsohon ciki da ke kusa da ni tana ta min sannu tana dariya.

Kuskuren da na yi a nan shi ne karanta takardar sikanin da kaina a cikin danfo. Na ga an rubuta wani abu mai kama da ƙari, na shiga intanet a waya, kafin mu kai Oshodi na gama yanke wa kaina hukuncin tiyata da rashin haihuwa har abada. Kwana tara na yi ba na barcin kirki kafin ranar komawa.

Da na koma ta baje takardun a tebur tace abin da ke damuna sunansa PCOS. Ta ɗauki biro ta zana min a bayan fayil. Tace mace tana da ma'ajiyar ƙwai biyu, hagu da dama na mahaifa, a ƙa'ida duk wata ƙwai ɗaya yake nuna ya fito, in ba a samu ciki ba bayan kamar sati biyu jini ya zo. Mai irin matsalata kuma ƙwayaye da yawa ne suke fara girma sai su tsaya a hanya babu wanda ya nuna, shi ne ake ganinsu a sikanin ƙanana sun jeru a gefe kamar carbi. Ba ƙari ba ne, ba kansa ba ce, ba a yanka mutum a cire su. Tunda ƙwai bai fito ba al'ada ba za ta zo ba. Sinadarin maza da kowace mace take da shi kaɗan ni nawa ya ɗan hau, shi ne kurajen da gashin. Insulin kuma da ya yi yawa a jini yana ƙara zuga ma'ajiyar ƙwan ta fitar da sinadarin mazan, ga ƙiba tana ƙara rura wutar, abu dai kamar zobe. Tace tun 2003 likitoci suka yi matsaya a wani taro a Rotadam ta ƙasar Holan cewa alamomi uku ake dubawa, rikicewar al'ada, alamar sinadarin maza a jiki ko a jini, da abin da sikanin ya nuna, in mace tana da biyu cikin ukun kuma an kawar da sauran cututtuka to ita ce. Ni ukun duka na haɗa. Shi ya sa sikanin kaɗai ba ya isa, akwai mata lafiyayyu da za a ga irin wannan hoton a jikinsu, musamman yara da ba su daɗe da fara al'ada ba. Kuma ashe abin ya yi yawa, kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa, yawancinsu ba su ma san sunan abin da ke damunsu ba.

Maganar da ta fi tsorata ni ita ce da tace zaman da na yi wata bakwai ba jini shi ne haɗarin, don bangon cikin mahaifa yana ta kauri ba ya zubewa, in aka ɗauki shekaru a haka yana iya rikiɗewa ya zama mugun abu. Tace kada in sake barin wata uku ya wuce ban ga jini ba ban zo ba. Ni da nake murnar ba na ramuwar azumi.

Ta fara ba ni wata ƙwaya ta kwana goma, tace bayan na gama da 'yan kwanaki jini zai zo. Kwana huɗu da gamawa ya zo, da yawa kuwa, da gudaji da ciwon mara, sai da na kwana biyu a kwance, amma ban taɓa farin cikin ganin jini irin na ranar ba. Daga nan ta ɗora ni a kan Metformin da ƙwayar da ake sha kullum don daidaita al'ada, kuma a nan aka yi rigima a gida. Gwaggo ta zo ta ga kwalin tace wannan ai maganin tsarin iyali ne, me budurwa za ta yi da shi, za a ƙona mata mahaifa tun ba ta shiga ɗaki ba. Ɗayan kuma tace na masu ciwon suga ne, irin wanda take sha. Duka biyun gaskiya ta faɗa ta wani ɓangaren, ƙwayar ita ce dai ta tsarin iyali, amma ni an ba ni ne don ta kawo jini duk wata ta kare mahaifar ta kuma rage kuraje da gashi, kuma in an daina sha ba ta hana haihuwa. Sai da Umma ta sake bina asibiti ta ji daga bakin likita sannan aka bar ni. Amma don Allah kada wata ta karanta wannan ta je kemis ta saya, kafin a ba ni sai da aka auna hawan jinina aka tambaye ni ciwon ɓarin kai da ko jini ya taɓa daskare min a jijiya, akwai waɗanda ba a ba su sam. Metformin kuwa satin farko ya wahalar da ni, tashin zuciya da gudawa, ashe laifina ne da nake sha da safe ciki ba komai. Da na koma sha a tsakiyar cin abinci kuma aka fara min da ƙwaya ɗaya ta 500 kafin a ƙara, sai ya lafa. Da azumi ya zo ma sai da na koma na tambaya, aka mayar min da shi lokacin buɗa baki.

Abinci shi ne yaƙin da har yau ban gama ba. Wanda ya san Agege ya san burodinmu, ni kuma da shi na tashi, da shayi mai madara da suga cokali uku, da rana shinkafa, da yamma lemon kwalba mai sanyi saboda zafin garin nan. Likita ba ta ce in daina komai ba, tace in na rage ko kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na nauyina al'ada tana iya fara dawowa da kanta. Ina kilo 84 a lokacin, ke nan kilo huɗu zuwa takwas ake nema ba wai in koma siririya ba. Na bar lemon kwalba gaba ɗaya, na rage tuwo na ƙara miya, wake da ƙwai da kifi da zogale da alayyafo suka yawaita, kunun safe ba suga. Motsa jiki kuwa ba ni da kuɗin zuwa wani waje, tafiya nake ta minti talatin bayan asuba ni da ƙanwata, mu zaga ta bakin titin jirgi mu dawo kafin gari ya cika. Wata shida na sauke kilo shida. Wuyana ya washe sosai, kurajen sun ragu, gashin gemu dai yana nan sai dai ya yi laushi, dama tace shi ne mai taurin kai, yakan ɗauki wata shida ko fiye kafin a ga canji.

Wanda zan aura na faɗa masa da bakina kafin ya ji a bakin wani, don na san yadda magana take yawo daga Agege zuwa Mile 12 kafin azahar. Ya yi shiru sannan yace to za ki haihu? Tambayar da ni ma na yi ke nan. Amsar da aka ba ni ita na ba shi, cewa da yawan masu PCOS suna haihuwa, wasu da kansu wasu da taimakon maganin da ke sa ƙwai ya fito irin su Letrozole, amma yana iya ɗaukar lokaci, kuma in cikin ya samu sai an sa ido a kan suga da hawan jini. Ba a warkewa a ce an rabu da shi, lallaɓa shi ake. Yace Allah Ya sa mu dace, aka ci gaba da shiri.

Da zan sake daga farko, da ranar da na cika wata uku zan faɗa wa Umma, kuɗin da na zubar a kemis da wajen mai tsumi da sun biya min kusan kashi ɗaya cikin uku na gwajin. Da kuma na je da ranakun al'adata a rubuce ko a bayan littafi ne, da sunan duk abin da na sha. Ki ɗauki hoton kowace takarda a waya kafin ki miƙa, ni sakamakon suga na ya taɓa ɓata a cikin fayil, hoton ne ya cece ni daga sake shan ruwan zaƙin nan. Ki tafi da ruwa da ɗan abin taɓawa da caja, ki sa a ranki yinin ya tafi. Akwai kuma inshorar lafiya ta jihar Legas da ake kira Ilera Eko, ni sai daga baya na ji labarinta, ki tambaya a teburinsu me da me take ɗauka kafin ki fara biyan gwaji daga aljihu. Sannan PCOS ba sai mai ƙiba take kamawa ba, a layin asibiti na haɗu da wata 'yar Idi-Araba siririya kamar a hure, ita ma shi ne ke damunta.

Ita yarinyar da ta kira ni na ce mata ta faɗa wa mamansu a daren, in ta kasa ni zan zo in faɗa mata. Ta kasa ɗin. Jibi Litinin zan biya mata ƙarfe biyar da rabi mu kama layi, dama ni ma ranar ce za a sake auna min suga.